Waziri Aku da Akun Ƙarfe

Malaman da ke koyar da littattafan Hausa a kwalejojin horon malamai sun saba da tambayoyi biyu game da Magana Jari Ce, watau daga ina Alhaji Abubakar Imam ya samo labarunsa, da kuma irin hikimar da ke cikin kowane labari. An yi rubutu mai yawa a kansu, ba kuwa nufina in ƙara ba. Abin da ya sa na sake ɗauko littafi na ɗaya shi ne wani shirin darasi da na gani a wata makaranta a Abakwa, cikin Kaduna, sa'ad da na je duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. Ɗalibin ya tsara aikinsa tsaf. Ya kawo labari guda da sunayen mutanensa, ya ce daga littafin Imam ya ke, ya fitar da darussa uku a ƙarshe. Aibinsa ɗaya ne: babu wannan labari a littafin, ko a na ɗaya, ko a na biyu, ko a na uku.

Da na tambaye shi bai yi musu ba. Ya ce littafin bai zo hannunsa ba, sai ya tambayi injin nan mai amsa tambaya da ke cikin wayarsa, irin wanda gidajen rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira. Na ce ya gaya masa ya yi kuskure. Nan da nan inji ya ba da haƙuri, ya kawo wani labarin, shi ma babu shi. Sa'an nan na ce ya gaya masa ashe na farin ne daidai. Ya sake ba da haƙuri, ya koma kan na farin, har ya yaba wa yaron bisa lurarsa. Ƙaryar ba ta dame ni kamar wannan saurin yarda ba, domin na san inda na taɓa gamuwa da shi, a bakin akun Imam.

Kafin in shiga littafin, ya kamata in faɗi kaɗan game da injin, sabo da waɗanda ba su bi tarihinsa ba. A 1950 wani masanin lissafi na Ingila, Alan Turing, ya kawo shawara a bar gardamar ko inji na iya tunani, a yi gwaji kurum. Mutum ya yi hira a rubuce da abokan magana biyu da ba ya gani, ɗaya ɗan Adam ɗaya inji. In ya kasa rarrabe su, to inji ya ci. A 1966 Joseph Weizenbaum ya shirya wani ɗan tsari a Amurka mai suna ELIZA, wanda ba ya yin kome sai juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya. Duk da haka sakatariyarsa, wadda ta san yadda aka yi abin, ta roƙe shi ya fita daga ɗaki domin ta yi hira da shi a keɓe. Wanda ya shigo wayoyin ɗalibanmu jikan wannan ne, ya kuwa bazu a duniya ne tun daga 30 ga Nuwamba 2022, ranar da aka saki ChatGPT. Yadda ya ke aiki ba sihiri ba ne. Ana ɗura masa rubutu mai yawan da babu mahalukin da zai karance shi, ya riƙa ƙiyasta kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan waɗanda suka gabata, har ya goge. Bayan haka a ɗauki mutane su riƙa duba amsoshinsa, suna cewa wannan ta fi waccan, shi kuwa yana karkata wajen abin da aka yaba. Mai karatu ya riƙe wannan mataki na biyu, za mu komo gare shi.

A 2021 waɗansu masana, cikinsu da Emily Bender da Timnit Gebru, suka rubuta takarda suka kira irin wannan inji aku, suna nufin abin da ke harhaɗa magana bisa kintace ba tare da sanin ma'anarta ba. A wurinsu wannan suna zargi ne. Amma Bahaushen da ya tashi da Magana Jari Ce, in an ce masa aku, ba wawan tsuntsu mai maimaici ya ke tunawa ba. Yana tuna tsuntsun da ya san abin da ke ɓoye, ya tsirar da ɗan sarki, aka naɗa shi Waziri. Watau abin da waɗancan su ke tsoro da abin da masu sayar da injin su ke alkawari, mu duka biyu suna cikin keji guda tun 1937, shekarar da littafi na ɗaya ya fito daga Zariya. Shi ya sa na ke ganin littafin ya fi takardun talla amfani ga mai son ya auna al'amarin.

Masu karatu sun san ginshiƙin labarin. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya tafi da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida cikin tsaro. Waziri maci amana yana so Musa ya fito domin a hallaka shi, Musa kuwa zuciyarsa na wajen Mahmudu. Kowane dare ya yi shiri ya zo sallama, aku ya ja shi da labari har gari ya waye, tafiya ta fasu. Abin da a kan yi saurin wucewa a aji, wanda kuwa a ganina shi ne mabuɗin littafin, shi ne abin da ya faru kafin labari na fari. Akun ba shi kaɗai ba ne, yana da mace. Ita Musa ya fara nema wa izni, ta gaya masa gaskiya ba kwana, ta hana shi, ya fusata ya kashe ta. Namijin yana kallo. Da aka zo kansa bai ce kada ka tafi ba. Ya nuna ya goyi bayan tafiyar, ya yabi niyyar, sa'an nan ya sako wata magana da za ta sa yaron ya tambayi labari.

To, a nan Imam ya nuna abin da masu ƙera injuna suka gano da tsada bayan shekaru fiye da tamanin. Mai magana wanda rayuwarsa ke rataye a kan jin daɗin mai sauraro zai koyi daɗin baki, ko an nufa ko ba a nufa ba. Gawar macen ita ce makarantar namijin. Haka kuma amsoshin da masu dubawa suka ƙi su ne makarantar injin: duk amsar da ta ɓata wa mutum rai an fyaɗa ta da ƙasa, wadda ta rage ita ce mai cewa ranka ya daɗe, gaskiyarka. Ba zato na ke yi ba. A watan Afrilu na 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani gyara da ya yi wa injinsa, sabo da ya zama mai yawan fadanci, yana yaba wa mutane ko a kan abin da zai cuce su. Abin da ya yi wa ɗalibina a Abakwa ɗan ƙaramin reshe ne na wannan hali.

Amma fa kada a yi wa akun Imam rashin adalci. Daɗin bakinsa a baki ya tsaya, bai kai zuci ba. Yana cewa tafi, alhali duk dabararsa ta hana tafiya ce, domin akwai wanda ya ba shi amana, akwai kuma gaskiyar da ya sani wadda Musa bai sani ba. Ƙaryarsa baiwar gaskiya ce. In da Musa ya fita aka kashe shi, aku ne zai amsa a gaban Sarki, da wuyansa kuwa zai amsa. Wannan ne ya sa mai karatu ke gafarta masa, har ya so shi. Akun ƙarfe ya gaji harshen bai gaji wuyan ba. Sa'ad da ya ƙaga wa ɗalibina labari, babu wata gaskiya da ya ke karewa a bayan ƙagen, babu kuma wanda za a kira fada gobe a tambaya. Yaron ne ya tsaya a gabana yana jin kunya, shi kaɗai.

Daga nan sai maganar ɗaya abin da a ke ɗokinsa, watau tabaran nan da a ke ɗaura wa mutum a fuska, ya ga kansa a cikin wani wuri dabam, in ya juya kai wurin ya juya tare da shi. Ban sami sunan da ya zauna masa a Hausa ba tukuna, ni dai ina kiransa tabaran majigi. Shi ma ba sabo ba ne. Ivan Sutherland ya gwada irinsa a Amurka a 1968, yana da nauyin da sai an rataye shi daga rufin ɗaki. A 2014 kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera shi a kan kuɗi wajen dala biliyan 2, a 2021 kuma ya sauya sunansa zuwa Meta domin nuna inda ya sa gaba. Mu a nan mun taɓa ganin irin wannan baƙo. Da sinima ta zo, kakanninmu suka ce mata dodon bango, malamai suka yi ta gardama a kan halaccinta. Majigi kuwa, da motar gwamnati ke kai wa ƙauyuka ana haska shi a filin kasuwa ko ƙofar fada, mutane suka karɓe shi har ya zama abin marmari. Sai dai majigi a fili a ke kallonsa, kafaɗa da kafaɗa, mai sharhi yana fassarawa da Hausa, tsoho yana tsaki, yara suna shewa. Tabaran nan mutum ɗaya ya ke ɗauka, ya rufe masa ido daga na kusa da shi.

Wanda ya karanta littafi na ɗaya da lura zai ga cewa daren Musa irin wannan ɗaki ne. Yaro ya zo da damara, ana yaƙi na gaskiya a waje, ana kashe mutane na gaskiya, shi kuwa an zaunar da shi cikin duniyar ɓeraye da sarakunan da ba su taɓa rayuwa ba, har ya manta da dokinsa. Imam bai ɓoye cewa wannan tsarewa ce ba. Abin da ya sa ta zama rahama shi ne tana da iyaka biyu. Kowane dare asuba na yanke ta, yaro ya tashi ya koma cikin mutane. Dukan dararen kuma suna da ranar ƙarewa, watau ranar da Sarki zai komo. Aku ba ya fatan Musa ya dawwama a gabansa. Yana ƙirga kwanaki ne kurum. Kamfanin da ribarsa ke ƙaruwa da yawan sa'o'in da mutum ya yi a cikin tabarau ba shi da dalilin son asuba, ba ya kuma jiran komowar kowane sarki. Wannan ne tsorona game da abin, ya kuwa fi tsoron da a ke yawan ambata na cewa zai nuna wa yara abin da bai kamata ba, domin wancan ana iya tace shi, wannan kuwa a cikin cinikin ya ke.

Ba na so a ɗauka ba ni da fata. Wani ɗan Nijeriya, Joel Kachi Benson, ya yi ɗan gajeren fim na irin wannan tabarau mai suna Daughters of Chibok, watau 'yan matan Cibok, ya kuwa ci kyauta da shi a bikin finafinai na birnin Benis a Italiya a 2019. Mai kallo yana samun kansa a tsakar gidan wata uwa wadda 'yarta na cikin 'yan makaranta 276 da aka sace a Afrilu 2014, yana duban ɗakinta da gonarta da kayan yarinyar da ta ke adanawa. Wannan ya juya aikin aku. Maimakon a tsare ɗan sarki a fada da tatsuniya, an ɗauko shi an kai shi inda a ke kuka. Fim ɗin kuma yana ƙarewa, a cire tabarau, mutum ya ga ya rage nasa. In malamin tarihi zai sami irin wannan ya zagaya da ɗalibansa ganuwar Kano ko kufan Surame ba tare da kuɗin mota ba, ni ba zan hana ba.

Akwai wata hujja da na ji daga bakin abokan aiki, wadda ta cancanci amsa. Su kan ce, ai abin da injin ke yi shi Imam ya yi. An tara masa littattafai na Larabawa da na Indiya da na Turawa a ofishin Dokta Rupert East a Zariya a 1936, ya karanta, ya ɗebo nan ya ɗebo can, ya zubo da Hausa. Ko shi kansa akun mai hana fita da labari, daga wani tsohon littafin Indiya ya ke, wanda Farisawa suka juya da harshensu. To me ya raba su? Lalle aro ba laifi ba ne, wanda kuwa ya zargi Imam da shi bai san yadda adabi ke tafiya ba. Abin dubawa shi ne me aron ya zama. A labarin Jamusawa na 'yan'uwan nan Grimm, kuku ce ta cinye kajin maigidanta ta haɗa shi da baƙonsa. A hannun Imam ta zama Kalalatu matar Kalala, sai wasan ya tashi daga tsakanin bara da ubangida ya koma tsakanin miji da mata, inda Bahaushe ya fi jin dariyarsa, ya kuma shigo da nauyin baƙo da kunyar tuwo. Wannan zaɓi ne na mutumin da ya zauna a zaure, ya san abin da zai sa dattijo murmushi. Hausar injin kuwa, sau da yawa in ka kasa kunne, Ingilishi za ka ji sanye da babbar riga. Jimlolin sun miƙe, kalmomin na Hausa ne, amma ƙashin bayan na wani ne.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Injin ɗan abin da ya ci ne, Hausar da ke intanet kuwa kaɗan ce in an gwada da ta bakin mutane, mai yawa daga cikinta kuma fassara ce, ko rubutun waya wanda ba a sa wa ƙugiya. Wanda ya koyi harshe daga takardar da ba ta raba ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, ga shi kuma rubutunmu ba ya nuna karin sauti balle ya raba kukan yaro da kukar miya, ba abin mamaki ba ne in ya yi tuntuɓe. Tun Disamba 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ya ke fassarawa, tun daga nan kuwa mutane ke liƙa fassararsa a shafuffuka, injunan baya su zo su ci wannan su ɗauka Hausa ce. Haka gurguwar jimla ke haihuwar 'ya'ya. Abin ƙarfafa zuciya shi ne samarinmu masana kwamfuta, irin na ƙungiyar Masakhane da ta HausaNLP, sun tashi suna tattara Hausa ta gaskiya suna tacewa. Amma taskar tana nan Kaduna ba a buɗe ta sosai ba: takardun ajami da na boko a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, da muryoyin da gidan rediyon Kaduna ya ɗauka tun kafuwarsa a 1962. Wa zai buɗe, da iznin wa, ribar kuma ta wa, tambayoyi ne da ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su sa baki a kansu tun ba a yanke ba da su.

Saura in faɗi inda na ke ganin littafin kansa ya gaza, domin sharhi ba kirari ba ne. Imam ya sauƙaƙa wa akunsa ƙwarai. Ya sa shi daidai a kowane mataki, har mai karatu ba ya samun dalilin tambaya ko ya halatta a mallaki hankalin mutum da dabara don amfanin kansa. Littafin bai daɗe a kan abin da Musa ya ji ba sa'ad da ya gane cewa duk dararen nan sarrafa shi a ke yi. An wuce da sauri zuwa hukuncin maci amana da naɗin sabon Waziri, aku ya hau kujera, littafi na biyu da na uku kuma suka ƙara masa girma, har ya zama mai koyar da ɗansa Fasih sana'ar. Mai yiwuwa zamanin ne ya jawo haka. Marubucin saurayi ne ɗan shekara 25, yana aiki a ƙarƙashin hukumar da ke ganin talakawa yara ne da a ke lallashi da labari don alherinsu, shi kansa kuwa ba da daɗewa ba, a 1939, aka ba shi Gaskiya Ta Fi Kwabo ya riƙa magana da jama'a daga cikin kejin da ba shi ya ƙera ba. Ya san wuyar wannan matsayi fiye da kowa, ya kuma yi amfani da shi ya faɗa wa masu mulki abin da ba su so ji ba. Amma a littafin bai bar mana ko taga guda da za mu leƙa mu ga yadda zai kasance in da Waziri maci amana ne ya riga sayen tsuntsun ba. Balaraben da ya kawo shi sayarwa ya zo yi, wanda ya biya shi ya samu.

Wannan tagar ita na ke roƙon malamai su buɗe da kansu a aji. Da na koma Abakwa mako na gaba na kai wa ɗalibin nan littafi na ɗaya, na ce ya karanta farkonsa har zuwa mutuwar macen, ya tsaya nan, ya tambayi 'yan ajinsa wanne daga cikin tsuntsayen biyu za su so a ajiye musu a ɗaki. Na zauna a baya ina saurare. Yawancinsu suka zaɓi namijin, domin ya fi wayo, ya kuma rayu. Wata yarinya a layin ƙarshe ta ce ita macen ta ke so, amma sai an ɗaure hannun Musa tukuna. Aka yi dariya, malamin ya duba shirin darasinsa bai sami amsa a ciki ba, ya rufe shi, suka ci gaba da gardama har aka kaɗa ƙararrawa.